Ranna da Attarintiki Daredi: goggo ɗaya, harshe biyu, wanne ya fi zauna muku?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na gama kallon Ranna, fim ɗin harshen Kannada na kudancin Indiya na 2015 da Sudeep ya ja, Nanda Kishore ya ba da umarni. Na san da yawanku kun ga na asalin, wato Attarintiki Daredi na Telugu, na Pawan Kalyan, wanda Trivikram Srinivas ya rubuta ya shirya a 2013. Ga wanda bai ga ko ɗaya ba: wani tsohon attajiri ne a Turai, ya kori 'yarsa saboda ta auri wanda ba ya so. Shekaru suka tura, tsufa ya kama shi, ba abin da yake so a duniya sai ya ga 'yar nan kafin ya mutu. Jikansa ya ɗauki alkawari, ya dawo Indiya, ya ɓoye ko shi wane ne, ya kama aikin direba a gidan goggon tasa don ya lallaso ta ta koma ga mahaifinta. Ni dai Ranna ya fi shiga raina, kuma na san za a yi mini ca. Bismilla.

Sarkin Kallo:
Wa alaikumus salam. Ai kuwa ca za a yi maka. Malam, wanda ya haƙa rijiya da wanda ya zo ya tarar da ruwa ya ɗiba ba ɗaya ba ne. Trivikram ne ya zauna ya ƙago labarin, shi ya rubuta maganganun da ke sa mutum ƙwalla. Su 'yan Kannada me suka ƙara? Direban nan dai shi ne, 'yan matan nan biyu su ne, sirrin da aka tona a ƙarshe shi ne. Wankiya ce tsantsa, sai dai an wanke da sabulu mai tsada.

Ummi Kaduna:
Ni ban ga na Kannada ba tukuna. Shi Sudeep ɗin ba shi ne mugun nan na fim ɗin ƙuda ba?

Ɗan Fagge:
Shi ne, ƙanwata. Eega na Rajamouli, 2012. Ya kuma leƙo a Baahubali na farko a matsayin mai sayar da makamai, sannan shi ne bos a Dabangg 3 na Salman Khan. Mu a nan da mugunta muka fara saninsa, amma a jiharsu ta Karnataka babban jarumi ne. Sarkin Kallo, ban musa maka cewa labarin na Trivikram ne ba. Abin da na ce shi ne wanda ya fi shiga raina. Pawan Kalyan ya ɗauki rawar da wasa da zolaya, kamar yaron da ya san duk gidan a tafin hannunsa yake. Sudeep kuwa ko raha yake yi, akwai wani nauyi a muryarsa da ke tuna maka cewa yaron nan da ciwo ya zo gidan. Da aka zo fitowar ƙarshe sai na ji ban yi mamakin kukansa ba, don tun farko na hango shi.

Abu Hanif:
Sarkin Kallo, da girmamawa, kalmar wankiya ba ta dace a nan ba, kuma bari in faɗi dalili. Na yi shekara huɗu ina karatu a Bangalor, ina can aka saki Ranna a watan Yunin 2015. Wankiya ita ce ka kalli fim ɗin wani a ɗakinka, ka kwashe labarin, ka canza sunaye, ka yi shiru. Abin da suke yi a kudancin Indiya ciniki ne a fili: furodusa ya je ya sayi haƙƙin sake shirya fim ɗin da harshensa, a biya kuɗi, jaridu su buga, kowa ya san daga inda aka ɗauko. Shi Attarintiki Daredi ba Kannada kaɗai aka kai shi ba. An yi shi da Bengali a 2016, sunansa Abhimaan, Jeet ya ja. An yi shi da Tamil a 2019, Vantha Rajavathaan Varuven, Sundar C ya ba da umarni, Simbu ya ja, Ramya Krishnan ta fito a goggo.

Akwai kuma abin da mu masu kallo daga nesa ba mu cika sani ba. Tun wajen shekarun 1960 masana'antar Kannada ta hana a ɗora muryar Kannada a kan finafinan wasu harsuna. Ba dokar gwamnati ba ce, ƙungiyoyin 'yan fim ne suka tsaya a kai, don suna tsoron finafinan Tamil da Telugu da Hindi masu manyan kuɗi su haɗiye ƙaramar kasuwarsu. To ka duba: fim ya yi tashe a Haidarabad, cibiyar finafinan Telugu, tsohuwa a ƙauyen Mandya ta Karnataka ba ta jin Telugu, an kuma hana a fassara mata. Hanya ɗaya ta rage, a sake ɗaukar fim ɗin daga farko da 'yan wasan gida. Shi ya sa za ka ga jerin: Porki na Darshan a 2010 daga Pokiri, Bulbul a 2013 daga Darling na Prabhas, Brindavana a 2013 daga Brindavanam, Maanikya na shi Sudeep ɗin a 2014 daga Mirchi. Dalilin ke nan, ba wai ƙwaƙwalwa ce babu ba.

Sarkin Kallo:
Na ƙaru, ban san da maganar hanin nan ba. Amma Malam Abu, wannan ai hujja ka ba ni. An rufe ƙofa don a kare marubutan gida, sai furodusoshi suka bi ta taga suka sayo labarin waje. Marubucin Kannada da ke zaune da sabon labarinsa a jaka me ya amfana? 'Yan wasa da masu kyamara sun ci abinci, shi an bar shi da yunwa.

Abu Hanif:
Wallahi wannan maganar taka su kansu sun sha yin ta. Abokan karatuna 'yan jihar sun kasu biyu. Wasu na cewa a bar hanin don shi ya rayar da masana'antar, wasu na cewa an zalunci mai kallo, an hana yaro ya kalli zanen yara da shirye-shiryen kimiyya da harshen uwarsa. Ko shirin Aamir Khan na talabijin, Satyamev Jayate, an yi rigima a kan fassara shi zuwa Kannada a 2012. A 2015 ɗin nan dai, shekarar da Ranna ya fito, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Indiya ta yanke hukunci cewa hanin ya saɓa wa doka, ta ci tarar ƙungiyoyin. Ko bayan haka ba nan take aka saki ba, an ɗauki shekaru ana ja-in-ja kafin sinimomi su saba. Don haka Ranna yana cikin 'yan ƙarshe-ƙarshen wancan zamanin.

Ranar da aka sake shi na bi ta unguwar Majestic, inda tsoffin manyan sinimomi suke, kusa da Gandhinagar da ofisoshin furodusoshi. An kafa hoton Sudeep na katako, tsayinsa ya kai bene, an rataya masa furanni tun daga wuya har gwiwa, samari sun hau saman katakon suna kwarara masa madara, ana ta ganguna da wasan wuta. A ciki kuwa minti na farko da ya fito ba ka jin komai sai fito da ihun "Kiccha! Kiccha!", laƙabinsa ke nan tun fim ɗin Huchcha na 2001. Rabin mutanen da ke wurin sun riga sun ga na Telugu, don Bangalor cike take da masu jin Telugu. Sun san abin da zai faru. Sun zo ne su ji shi da bakin nasu.

Maman Ilham:
Ku maza kun tsaya kan jarumi da kasuwa. Ni duka biyun na kalla, kuma a wurina fim ɗin nan na goggo ne, ba na yaron ba. In goggon ba ta tsaya da ƙafarta ba, labarin ya rushe. A na Telugu, Nadhiya ce. Matar nan ko kallonka ta yi sai ka gyara zama. Tun da wuri ta gane direban nan ɗan ɗan'uwanta ne, ta kira shi gefe ta gaya masa ta san shi, kuma kada ya kuskura ya yi tunanin mayar da ita gidan ubanta. Babu ihu, babu hawaye. A Ranna, Madhoo ce, ta fim ɗin Roja. Ina sonta tun ina yarinya, amma fuskarta ta cika taushi. Tun ganin farko na san wannan za ta yafe. Nadhiya kuwa har minti na ƙarshe ban tabbata ba. Don haka Malam Ɗan Fagge, ka ɗauki Sudeep ɗinka, ni goggon Telugu na ɗauka.

Ɗan Fagge:
Hajiya, a nan kam na sallama miki rabi. Amma a kakan fa? Boman Irani ɗan Mumbai ne, a na Telugu baƙo ne a harshen. Prakash Raj na Ranna kuwa haifaffen Bangalor ne, Kannada ce harshensa na tashi, a can ma Prakash Rai suke ce masa. Nadamar tsohon ta fi fitowa a bakinsa.

Maman Ilham:
To ga inda nake so a zo, maganar tsohon. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya a duka finafinan biyu, kuma ban taɓa jin wani ya ɗago shi ba. Mutumin nan ya ɗauki bindiga, ya raunata mijin 'yarsa, ya kore su. Bayan sun tafi ya juya bindigar zai kashe kansa, harsashi ya sami surukarsa, uwar yaron nan, ta mutu. Wato fushinsa na rana ɗaya ya raba shi da 'ya, ya maida jikansa maraya. Sai a ƙarshen fim yaron ya tsaya gaban goggonsa ya ce: ni da ya kashe mini uwa na zaɓi in so shi, ke da ya kora kawai kin zaɓi ki ƙi shi. Kowa a sinima ya fashe da kuka, ita kuma ta zama mai laifi. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba. Amma da na kwanta sai na ce, ina adalci a nan? Shekara da shekaru yana da jirgi, yana da kuɗi, ƙafarsa lafiya lau. Me ya hana shi ya taka da kansa ya je ƙofar gidanta ya ce na yi kuskure? Sai da tsufa ya kayar da shi ya aiko yaro. Kuma yaron ma da ƙarya ya shigo gidan.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya Maman Ilham, Allah ya ƙara miki lafiya. Uba fa uba ne. Ko a wurinmu ba a cewa mahaifi ya je ya durƙusa wa 'yarsa. Aiken jikan ai shi ne ban haƙurin. Babba ba ya cewa yi haƙuri da baki, da aiki yake faɗa.

Maman Ilham:
Malam, ban ce ya durƙusa ba. Cewa na yi ya je. Girman uba bai taɓa raguwa don ya taka zuwa gidan 'yarsa ba. Kuma haƙƙi haƙƙi ne ko a wuyan wa yake.

Gwaggon Yara:
Ban cika magana a zauren nan ba, karatu nake yi in wuce, amma yau bari in sa baki. Abin da Maman Ilham ta faɗa a gidanmu ya faru, ba a fim ba. Ƙanwar mahaifinmu ta ƙi wanda kakanmu ya zaɓa mata, ta dage kan wani malamin makaranta baƙo a garin. An ɗaura auren a hannun wani kawunta, kakanmu ya rantse ba zai taka gidanta ba, ita ma kada ta tako nasa. Shekara ashirin da ɗaya. Garin da take bai fi tafiyar awa uku a mota ba. Mun taso mun san muna da goggo, amma sunanta ba a ambata in yana tsakar gida. Kakarmu kan ƙulla daddawa da kuka da ɗan man shanu a leda, ta ba wani direban motar haya a ɓoye ya kai mata. Ni ake aike tasha da ƙullin, a ƙarƙashin hijabi, ina 'yar shekara goma.

Da ciwo ya kwantar da shi, yayanmu ne ya je ya ɗauko ta. Ba wani wayo, ba ɓoye suna, ya je ya zauna a zaurenta ya ce Goggo, Baba ba shi da lafiya, kuma ke yake kira. Ta shigo ɗakin da yamma, ina riƙe da kofin kunu. Ta durƙusa bakin gadon ta ce Baba ka yafe mini. Ya ɗora hannu a kanta ya ce na yafe. Shi ke nan. Ita ta nemi gafara, shi bai nema ba. Bayan kwana tara ya rasu. Daga baya muna wanke-wanke ta ce mini, 'yar nan, da ya ce mini ko sau ɗaya ni ma ki yafe mini, da na fi samun sanyi. Har yau in na kalli fitowar ƙarshen nan ta tashar jirgin ƙasa a Attarintiki Daredi, ba yaron nake kallo ba, fuskar matar nake kallo.

Ummi Kaduna:
Allahu akbar. Anti, Allah ya jiƙansa, ya saka wa kakarku da alheri.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allah ya gafarta masa. Hajiya, na ji wannan, kuma ba ni da abin cewa a kai. Na janye rabin maganata.

Ɗan Fagge:
Amin. Gwaggon Yara, mun gode da kika buɗe mana wannan. Amma don a yi wa Trivikram adalci, akwai abu ɗaya a fitowar nan da nake ganin ya auna da kyau. Kafin yaron ya juya kan goggonsa, sai da ya fara fuskantar mijinta. Shi mijin ya biyo su tasha a fusace, don yana ganin direba ya gudu da 'yarsa. Sai yaron ya nuna masa cewa zafin da kake ji yanzu, shi kakana ya ji ranar da ka tafi da tasa 'yar. Wato an sa wanda ya ɗauki 'yar wani ya ɗanɗani abin da uban ya ɗanɗana. Wannan bai wanke tsohon ba, amma ya sa ka gane ba dodo ba ne, uba ne da zuciya ta ɗebe shi.

Maman Ilham:
Wannan na yarda da shi. An fahimtar da mijin. Ita ce dai ba a ba ta bakin magana ba. Minti nawa yaron ya yi yana jawabi, ita kalma nawa ta faɗa? Kuma da 'yan Kannada suka zo sake shiryawa, shekara biyu a tsakani, dama ce a hannunsu su ba ta nata jawabin. Ba su taɓa wurin ba. A nan ne nake tare da Sarkin Kallo. In za ka sayi labari ka sake ginawa, to ka gyara inda ya karkace mana.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Damagaram. Ni tambaya gare ni. Yaron nan 'yar goggonsa ya aura a ƙarshe. Na ɗauka Indiyawa masu addinin Hindu ba sa auren zumunci. A finafinan Hindi ban taɓa gani ba.

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam, mutanen Damagaram. Tambayar nan ita ce mabuɗin sunan fim ɗin ma. A arewacin Indiya haka ne, yawancin Hindu ba sa auren ɗan'uwa na kusa. A kudu kuwa, wajen masu Telugu da Kannada da Tamil, auren 'yar goggo ko 'yar kawu tsohuwar al'ada ce, Telugu suna ce mata menarikam. Amma da sharaɗi: ɗan baffanka da ɗan innarka, wato 'ya'yan maza biyu ko 'ya'yan mata biyu, waɗannan 'yan'uwanka ne kamar ciki ɗaya, babu aure. Sai ɗan mace da ɗan namiji. Ka ga a nan muka bambanta, mu muna aurar da 'ya'yan wa da ƙani.

Saboda haka a Telugu kalmar atta tana nufin goggo, tana kuma nufin suruka, uwar mata ko uwar miji. Kalma ɗaya ce, don sau da yawa mutum ɗaya ce. A Kannada atte suke cewa, ma'anar ɗaya. Sunan Attarintiki Daredi tambaya ce, ina hanyar gidan atta? Mai jin harshen tun daga sunan ya san yaron gidan goggo zai je, kuma gidan surukai zai zama. Shi ya sa labarin ya shiga Kannada ba tare da an sauya ko dangantaka ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Ikon Allah. Ashe taubasai ne. Shi ya sa tsokanar da ke tsakaninsa da 'yan matan ba ta yi mini baƙo ba, irin wasan ɗan mace da ɗan namiji ne sak.

Baba Tsohon Plaza:
Yaro ka gano. Mu da muka fara kallon Indiya a sinimar Plaza da Eldorado a Kano, na Bombay kawai muka sani, su Dharmendra da Amitabh. Na kudun nan sai da masu fassara irin su Algaita suka fara ɗora musu Hausa muka san da su. Kuma na lura matan gidana sun fi kama na kudun da sauri. Gida babba, kaka a tsakiya, goggo mai faɗa a ji, ɗan'uwa ya dawo neman 'yar'uwa. Ba sai an yi musu bayani ba.

Sarkin Kallo:
Baba, barka da shigowa. Tunda an zo kan suna, ga wani abin da ya ƙara ba ni haushi. Na Telugu sunansa yana nuna goggo da gidanta. Na Kannada sai aka sa masa Ranna. Me ya haɗa wannan da labarin?

Abu Hanif:
Ranna sunan wani babban mawaƙin Kannada ne na ƙarni na 10, ɗaya daga cikin ukun da suke kira lu'ulu'un adabinsu, shi da Pampa da Ponna. Kalmar kanta ma'anarta dutse mai daraja. Ka tuna fim ɗin Sudeep na shekarar da ta gabace shi Maanikya ne, shi ma dutse mai daraja. Sunan kirari ne ga jarumin, ba bayanin labari ba. Na yarda da kai, sunan Telugu ya fi ma'ana nesa ba kusa ba. An ɗauke hasken daga kan goggo an mayar kan tauraro.

Maman Ilham:
Kun gani ko? Tun daga suna aka fara ture ta gefe.

Ummi Kaduna:
To ni da ban ga Ranna ba, in kalla ko in haƙura? Kuma barkwancin fa? Don ni wurin Brahmanandam na fi maimaitawa a na Telugu.

Ɗan Fagge:
Ki kalla, ƙanwata. Sadhu Kokila da Chikkanna ne suka riƙe barkwancin, Rachita Ram da Haripriya su ne 'yan matan a madadin Samantha da Pranitha, kiɗan kuma na V. Harikrishna ne a madadin Devi Sri Prasad. Gaskiya ɓangaren barkwancin nan na bayan hutun rabin lokaci ya yi tsawo a duka biyun, yana janye mutum daga maganar goggo daidai lokacin da ta fara zafi. Ni a kallo na biyu tsallake shi nake yi.

Sarkin Kallo:
A kiɗa kam kada ma a fara, Devi Sri Prasad ya yi gaba. Kuma ku tuna na Telugu da wace wahala ya fito. Ana saura kwanaki a sake shi a watan Satumban 2013 aka saci kusan rabinsa aka watsa a intanet, dole aka matso da ranar fitarwa, amma duk da haka ya zama fim ɗin Telugu da ya fi kowanne kawo kuɗi a lokacin, har sai da Baahubali ya zo a 2015. Wanda mutane suka ga rabinsa a waya kyauta suka kuma biya kuɗi suka shiga sinima, wannan ba ƙaramin fim ba ne.

Abu Hanif:
Ba musu. Amma kada a tashi da tunanin kullum Kannada ce ke karɓa. Mungaru Male na 2006 an mayar da shi Telugu da sunan Vaana a 2008. U Turn na Pawan Kumar, 2016, an sake shirya shi da Telugu da Tamil a 2018, kuma Samantha ɗin nan dai ita ta ja. Kirik Party ya zama Kirrak Party. Jaruman mata ma da yawa da kuke ɗauka 'yan Telugu ne daga Karnataka suke: Anushka Shetty, Rashmika Mandanna, har ita Pranitha ta cikin Attarintiki Daredi 'yar Bangalor ce. In kuma labarin iyali na Kannada tsantsa kuke so wanda ba a ɗauko daga ko'ina ba, ku nemi Raajakumara na marigayi Puneeth Rajkumar, 2017, kan tsofaffin da 'ya'yansu suka kai gidan gajiyayyu. Daga KGF a 2018 da Kantara a 2022 kuwa sai ruwa ya juya, su ake fassarawa zuwa Telugu da Hindi. Yanzu da fim kan fito da harshe biyar rana ɗaya, da wuya babban jarumi kamar Sudeep ya sake kashe shekara yana maimaita abin da mutanensa suka riga suka gani a waya.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wannan ya sa na tuna namu. Shekarun baya 'yan Kannywood sun sha ɗauko labarin Indiya, da fassarar Indiya-Hausa ta yi ƙarfi sai abin ya ragu, don mai kallo ya riga ya ga na asalin da Hausa. Kusan abu ɗaya ne da abin da Malam Abu ya bayyana.

Sarkin Kallo:
Da bambanci ɗaya, Malam: su can sun biya mai labarin. To Ɗan Fagge, na janye kalmar wankiya, amma ban janye cewa na asalin ya fi ba. Sudeep ya yi ƙoƙari, muryarsa ta dace da jawabin ƙarshe, na ba ka wannan. Sauran duk na Trivikram ne.

Ɗan Fagge:
Na karɓa. Ni ma bayan maganar Maman Ilham da Gwaggon Yara sai na ji ina so in koma in sake kallon ƙarshen duka biyun, in bar kallon jarumin in kalli matar. Gwaggon Yara, in ba damuwa, goggon taku tana nan da rai? Ta taɓa ganin fim ɗin?

Gwaggon Yara:
Tana nan, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Bara da ta zo bikin ƙanwata yara suka kunna na Telugu a falo, tana gefe a kan darduma tana jan carbi, muna zaton ba ta bi. Da aka zo wurin tashar sai ta ce a ƙara murya. Aka ƙara. Da aka gama ta tambaye ni, shi tsohon ya zo da kansa ne ko aike ya yi? Na ce aike ya yi, Goggo. Ta gyaɗa kai ta ce a miƙo mata butarta, la'asar ta yi.